"Alƙali ya gaskata maƙaryaci": me ya sa ɗaukaka ƙara ba ta cika gyara wannan ba?

Mutum ya faɗi a shari'a, ya fito daga kotu yana huci, maganarsa ɗaya: alƙali ya yarda da maƙaryaci. Shi dai ya san abin da ya faru, don a gabansa aka yi. Ya ga abokin shari'arsa ya yi rantsuwa ya shirga ƙarya, ga shi kuma an rubuta a hukunci cewa shaida ne mai gaskiya. Sai 'yan uwa su taru suna ba shi baki: "Ai sai ka ɗaukaka ƙara, na sama za su gano gaskiya." To, haka abin yake? Idan alƙalin da ya saurari shari'a ya ce ya gaskata wane bai gaskata wane ba, kotun da ke samansa za ta iya cewa a'a, wancan ne mai gaskiya?

Tana da ikon yin haka, amma da ƙyar take yi. A cikin duk dalilan da ake ɗaukaka ƙara a kansu, babu mai wuyar ci kamar wannan, kuma mutane da yawa sai sun ƙarar da kuɗi da shekaru suke ganewa.

Ana magana ne a nan kan shari'o'in da ba na laifi ba: bashi, ciniki, kwangila, fili, gado, neman diyya, inda mutum ke ƙarar mutum ko kamfani. Kuma ana magana ne kan ƙasashen da tsarin kotunansu ya samo asali daga na Ingila, irin su Birtaniya, Amurka, Kanada, Ostireliya, Indiya da Najeriya. Ba ko'ina haka yake ba. A Faransa, alal misali, kotun ɗaukaka ƙara kan sake duba shari'a gaba ɗaya, da abin da ya faru da abin da doka ta ce, kotun da ke can ƙoli ce kawai ke taƙaita kanta ga doka.

Abubuwa uku da alƙali ke yankewa

Hukunci ɗaya ne ake karantawa, amma aiki uku ne a cikinsa. Da farko alƙali kan tantance abin da ya faru: an ba da kuɗin ko ba a bayar ba, wa ya ce me, a ina motar take lokacin da aka yi karo. Daga nan sai ya ciro ma'ana daga abin da ya tabbata: tunda an ba da kuɗin ba tare da rubutu ba, rance ne ko kyauta? Sannan ya ɗora doka a kai.

A na ukun, kotun ɗaukaka ƙara ba ta jin nauyin kowa. Idan alƙali ya fassara doka ba daidai ba, sai ta gyara kai tsaye, don alƙalan sama ba su gaza shi sanin doka ba. Na biyun yana tsaka-tsaki. Na farkon ne ke da katanga, musamman idan alƙali ya kai gare shi ta hanyar zaɓen wanda zai gaskata tsakanin shaidu biyu masu saɓa wa juna.

Akwai kuma abin da mutane kan manta. A irin wannan shari'a ba a neman tabbacin da ya kore duk wani kokwanto, kamar yadda ake nema kafin a ɗaure mutum. Rinjaye kawai ake nema: labarin wa ya fi kama da gaskiya? Kotun Ƙolin Najeriya, a shari'ar Mogaji da Odofin ta 1978, ta ce alƙali ya ɗora hujjojin ɓangarorin biyu a kan ma'auni a zuciyarsa ya ga wanda ya fi nauyi, kuma nauyin ba yawan shaidu ke kawo shi ba, ingancin abin da suka faɗa ne. Saboda haka idan alƙali ya ce bai karɓi maganarka ba, ba lallai ne ya kira ka maƙaryaci ba. Mai yiwuwa yana ganin kai mai gaskiya ne amma ka manta, ko ka haɗa ranaku biyu wuri ɗaya, ko ba ka tsaya inda za ka gani sosai ba. Shaida ya kasance mai gaskiya daban, maganarsa ta kasance abin dogaro daban.

Abin da kotun sama take gani

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar cewa ɗaukaka ƙara sabuwar shari'a ce. Wanda bai taɓa zama a irin wannan kotu ba yakan yi tsammanin za a sake kiran shaidu, a sake rantsar da su, shi ma a ba shi dama ya faɗi abin da ke ransa. Babu ko ɗaya. Abin da ke gaban alƙalan, waɗanda galibi su uku ne, kundin shari'a ne: takardun ƙara, rubutaccen abin da shaidu suka faɗa, takardun da aka karɓa a matsayin hujja, da hukuncin kansa. Lauyoyi su rubuta bahasinsu, a ba su ɗan lokaci su yi magana, shi ke nan. Mai ƙara na zaune a baya, ba mai tambayarsa ko sunansa.

Tambayar da alƙalan ke yi wa kansu ma ba ita ce "da mu ne, wa za mu gaskata?" ba. Tambayar ita ce ko abin da alƙalin farko ya yanke ya fita daga abin da hankali zai ɗauka. Kowace ƙasa da lafazinta. A kotunan tarayyar Amurka, doka ta 52 ta ƙa'idojin shari'o'in da ba na laifi ba ta ce ba a soke abin da alƙali ya tabbatar sai in kuskure ne bayyananne, kuma dole a girmama damar da ya samu ta auna gaskiyar shaidu. Kotun Ƙolin Kanada, a shari'ar Housen da Nikolaisen ta 2002, ta ce sai kuskuren ya kasance a fili kuma shi ne ya juya sakamakon shari'ar. A Birtaniya ana komawa ne ga shari'ar Watt da Thomas ta 1947, wata shari'ar rabuwar aure, inda babbar kotun ƙasar ta wancan zamani ta maido da hukuncin alƙalin farko bayan kotun tsakiya, wato kotun ɗaukaka ƙara, ta soke shi.

A 2014, a shari'ar Henderson da Foxworth, mai shari'a Reed na Kotun Ƙolin Birtaniya ya fayyace maganar yadda babu sauran wurin ɓuya. Ya ce ba a duba irin ƙarfin da alƙalin sama ke jin cewa da shi ne da ba haka zai yanke ba. Abin dubawa shi ne ko hukuncin irin wanda babu wani alƙali mai hankali da zai iya kaiwa gare shi ne. Wato alƙalai uku na iya zama su ce a ransu, "mu dai ba mu yarda da wannan shaidan ba," su kuma kori ƙararka.

Shari'ar McGraddie ta 2013 a Birtaniya ta nuna yadda abin ke aiki a zahiri. Uba ne da ɗansa. Uban ya ba ɗan kuɗi aka sayi gidaje, amma ɗan ya sa aka rubuta su ba da sunan uban ba. Uban ya ce aike ne, shi ya sa a saya masa. Ɗan ya ce kyauta ce. Alƙalin farko ya saurare su duka ya gaskata uban. Kotun ɗaukaka ƙara ta karanta kundi, ta tsinto wasu abubuwa da take ganin sun fi goyon bayan ɗan, ta juya hukuncin a kan ɗaya daga cikin gidajen. Kotun Ƙoli ta ce ba hurumin kotun tsakiya ba ne ta sake auna abin da alƙali ya riga ya auna, ta maido da hukuncin farko. Rikici irin wannan, wanda kusan komai nasa a baki yake, wanda ya yi nasara a zaman farko shi ke da shi har ƙarshe.

Me ya sa aka gina katangar?

Dalilin da aka fi ji shi ne na gani ya kori ji. Alƙalin farko ya ga shaida da idonsa. Ya ga inda ya yi jim kafin ya amsa, inda ya waiwaya ya kalli lauyansa, inda muryarsa ta canza da aka miƙa masa wata takarda. Takarda ba ta ɗaukar wannan. A kundi za ka ga an rubuta "E, na sa hannu." Ba za ka san ko da sauri ya faɗa ba, ko sai da aka maimaita tambayar sau uku, ko da gatse ya faɗa.

Amma akwai wasu dalilan da, a ganina, sun fi wannan ƙarfi. Mai shari'a Lewison na kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ya jero su a shari'ar Fage da Chobani ta 2014. Alƙalin farko ya zauna kwana da kwanaki yana cikin dukkan hujjojin, ya ga yadda maganar shaida na farko ta haɗu da takardar da aka kawo a rana ta biyar. Kotun sama kuwa, in ji shi, tsalle take yi daga tsibiri zuwa tsibiri, inda lauyoyi suka nuna mata kawai take sauka. Kowane lauya zai buɗe shafin da ya yi masa daɗi ya ce a duba nan. Ya kuma ce zaman shari'a ba gwaji ba ne da ake yi kafin ainihin wasa, shi ne wasan, daga shi babu wani.

Sai batun kuɗi da lokaci. Da a ce duk wanda ya faɗi zai iya sa a sake auna shaidu daga farko, da babu shari'ar da za ta ƙare a zama ɗaya, kuma mai aljihu mai zurfi ne zai riƙa cin nasara ta hanyar gajiyar da abokin shari'arsa. Wannan katangar da ke ɓata wa wanda ya faɗi rai, ita ce ke kare talakan da ya yi nasara a kan babban kamfani. Sannan babu wani tabbaci cewa aunawa ta biyu za ta fi ta farko dacewa da gaskiya. Kotun Ƙolin Amurka ta faɗi kusan haka a shari'ar Anderson da birnin Bessemer ta 1985, wadda wata mata ta shigar tana cewa an hana ta aiki don ita mace ce: idan hujja na iya ɗaukar fassara biyu masu ma'ana, zaɓen ɗaya daga ciki ba zai zama kuskure bayyananne ba.

Shin fuska na faɗin gaskiya?

Nan ne maganar ke da rauni, kuma alƙalai da kansu sun daɗe da sanin haka. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma bincike bai goyi bayan wannan ba idan ana batun gano ƙarya. A 2006 wasu masana halayyar ɗan adam biyu, Charles Bond da Bella DePaulo, sun tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa da aka yi a kan wannan, suka samu cewa mutane kan dace wajen bambance mai gaskiya da mai ƙarya kimanin kashi 54 cikin 100 ne kawai. Wanda ya rufe ido ya yi canke zai samu kashi 50.

Ku duba waɗanda wannan ke cutarwa. Mutumin da bai taɓa shiga kotu ba, jikinsa na rawa, bakinsa na sarƙewa. Wanda tarbiyyarsa ta hana shi kallon babba ido cikin ido. Wanda ke magana ta bakin tafinta, alƙali na jin muryar wani ba tasa ba. Matar da aka sa ta faɗi abin kunya a gaban jama'a. Duk waɗannan na iya yin kama da masu ɓoye wani abu. Gogaggen maƙaryaci kuwa, wanda ya kwana yana bita, sai ya tsaya cak ya zuba magana ba gargada.

Akwai matsala ta biyu, wadda ta fi ta ƙarya yawa: mantuwa da ba a san an yi ta ba. Tun 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa mutane hoton bidiyo na haɗarin mota, suka gano cewa canza kalma ɗaya a cikin tambaya na canza gudun da mutane ke cewa motar na yi, har wasu su "tuna" sun ga fasasshen gilashi alhali babu shi. A 2013, a shari'ar Gestmin da bankin Credit Suisse, mai shari'a Leggatt na Ingila ya ɗauko irin wannan ilimi ya shigo da shi cikin hukunci. Ya ce tunani ba ajiya ba ce da ake ɗaukowa yadda aka ajiye ta, sake gina shi ake yi duk lokacin da aka tuna, kuma shirin shari'a kansa, zama da lauya, karanta takardu, maimaita labari, yana gyara wa mutum abin da yake tunawa ba tare da ya sani ba. Ƙarfin da shaida ke ji cewa ya tuna daidai ba hujja ba ne cewa ya tuna daidai. Shawararsa ita ce a shari'o'in kasuwanci a fi dogara ga takardun da aka rubuta a lokacin da abin ya faru. Daga baya, a 2019, kotun ɗaukaka ƙara ta ja kunne cewa wannan ba lasisi ba ne na watsar da shaidar baka, dole alƙali ya auna komai. Hakan daidai ne, don yawancin mu'amalar mutane ba ta da takarda.

Ni abin da na ɗauka daga wannan shi ne ƙa'idar tana da kyau, amma hujjar da aka fi tallata ta da ita ce mafi rauni. Kuma akwai haɗari a ciki: alƙalin da ba ya son a taɓa hukuncinsa na iya rubuta "na lura da yanayin shaidan, ban gamsu da shi ba," ya mai da jimla ɗaya garkuwa. Kotun Ƙolin Amurka, a waccan shari'a ta Anderson, ta toshe wannan ƙofa, ta ce alƙali ba zai kare hukuncinsa daga bincike ba don kawai ya laƙaba masa sunan auna gaskiyar shaida. Idan takardu sun ƙaryata labarin, ko labarin na cin karo da kansa, kotun sama na iya shiga.

Inda ake samun shiga

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili daga Ostireliya yake, shari'ar Fox da Percy. A 1992, a kan wata siririyar hanyar karkara, wata mata a kan doki ta yi karo da wata mata mai tuƙa ƙaramar motar bas. Mai dokin ta ji mummunan rauni. Tambaya ɗaya ce a shari'ar: wa ya bar hannunsa ya shiga na wani? Mai dokin ta rantse tana hannunta, abokin tafiyarta ma ya goyi bayanta. Alƙali ya gaskata su, ya ba ta diyya.

Sai dai ɗan sandan da ya je wurin ya rubuta abin da ya tarar: motar na tsaye a hannunta, kuma a bayanta akwai sawun birki mai tsawon mita 10, dukkansa a hannun motar. Alƙalin bai ƙaryata wannan rubutu ba, ya karɓe shi, amma duk da haka ya yanke cewa motar ce ta ƙetara. Kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin, babbar kotun ƙasar kuma ta tabbatar da juyawar a 2003. Ta ce idan akwai abin da ba ya musuntuwa wanda ya nuna alƙali ya yi kuskure, ko abin da ya yanke ya yi nesa da hankali ƙwarai, ganin shaida da ido ba zai cece shi ba. Sawun taya ba ya jin tsoron lauya, ba ya kuma da dangi a shari'ar. A lura dai, shekara 11 aka yi daga haɗarin zuwa hukuncin ƙarshe.

Wannan ya nuna bambancin ƙorafin da ke mutuwa da wanda ke rayuwa. "Alƙali ya yi kuskure da ya gaskata shaida na biyu" matacciyar magana ce. Mai rai ita ce irin wannan: shaida na biyu ya ce ranar kaza ya miƙa kuɗin hannu da hannu, amma fasfonsa, wanda kotu ta karɓa a matsayin hujja, ya nuna ba ya ƙasar a wannan mako, kuma hukuncin bai ambaci fasfon ba ko sau ɗaya. A nan ba ka roƙi alƙalan sama su karanta zuciyar kowa ba. Shafi ka nuna musu.

Rashin bayyana dalili ma ƙofa ce. A shari'ar Flannery ta 1999 a Ingila, ƙwararrun da ɓangarorin biyu suka kawo shaida sun saɓa wa juna, alƙali ya ce ya fi gamsuwa da na wanda ake ƙara, bai faɗi don me ba. Aka soke, aka ce a sake shari'a, domin wanda ya faɗi na da haƙƙin sanin abin da ya kayar da shi. A 2019, a shari'ar Simetra da Ikon, an sake yin haka don alƙali bai tunkari takardun da ke ƙaryata shaidun da ya gaskata ba. Sai dai kada a ɗauka cewa dole alƙali ya ambaci kowace hujja. Ana ɗauka ya duba duka sai in akwai alamar akasin haka, kuma ba a yi wa hukunci karatun neman aibu.

Jinkiri na iya cinye fifikon da alƙali ke da shi. Idan hujjar ita ce ya ga shaidu, to me ya rage masa bayan shekara ɗaya da rabi? A shari'ar Goose da Wilson Sandford ta 1998, alƙali ya yi wata 20 kafin ya ba da hukunci, wasu takardun shari'ar ma sun ɓace masa. An soke hukuncin, alƙalin kuma ya yi murabus. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 294, ya sa wa'adin kwana 90 bayan kammala shaidu da jawaban ƙarshe, ko da yake wuce wa'adin ba ya rushe hukunci sai an nuna ya jawo rashin adalci.

Haka kuma idan alƙali ya ƙi maganar shaida a kan abin da ba a taɓa tuhumarsa da shi ba lokacin tambayoyi. Ƙa'idar ta tsufa, tun shari'ar Browne da Dunn ta 1893: in za ka ce mutum ƙarya yake yi, ka faɗa masa yana tsaye a gaban kotu ya samu damar kare kansa. Kotun Ƙolin Birtaniya ta sake jaddada ta a 2023.

Inda hujjar duk takardu ce, ƙasashe sun rabu. Kotunan Najeriya kan ce a nan kotun sama ba ta gaza alƙalin farko komai ba, tunda takarda ɗaya suke karantawa. Amurka kuwa ta gyara dokarta a 1985 ta ce ma'auni ɗaya ne, ko shaidar baka ce ko ta takarda.

"Amma yanzu na samu sabuwar hujja"

Wannan ma ƙofa ce ƙunƙuntacciya. Sharuɗɗan da ake bi a ƙasashe da dama sun fito ne daga shari'ar Ladd da Marshall ta 1954: hujjar ta zama wadda ba za a iya samunta a lokacin shari'a ba ko da an yi ƙoƙari, ta zama mai tasiri a kan sakamako, kuma ta yi kama da abin gaskatawa.

Labarin shari'ar kansa darasi ne. Ladd ya ce ya ba Marshall fam 1,000 a hannu kan cinikin wani fili da bai yiwu ba, Marshall ya musa. Aka kira matar Marshall shaida, ta ce ba ta tuna komai. Ladd ya faɗi. Bayan auren ya mutu, sai matar ta dawo ta ce ƙarya ta yi don tsoron mijinta, a gabanta aka ba da kuɗin. Kowa zai ce ai gaskiya ta yi halinta. Kotu ta ƙi karɓa. Mai shari'a Denning ya ce wanda ya amsa da bakinsa cewa ya yi ƙarya a kan rantsuwa ba a cika gaskata shi a karo na biyu ba, sai an kawo ƙwaƙƙwaran dalilin da ya sa ya yi ta farko da kuma dalilin da zai sa a yarda da ta yanzu. Wa ya san wace ce ƙaryar, ta jiya ko ta yau?

Idan kuwa akwai tabbacin an ci shari'a da zamba, kamar takardar jabu, wannan wata hanya ce daban: ana iya shigar da sabuwar ƙara a nemi rushe hukuncin.

Ko an yi nasara, me aka samu?

Abin da lauyoyi ba su cika faɗa da wuri ba ke nan. Idan kotun sama ta yarda alƙali bai auna shaidu yadda ya kamata ba, sau da yawa ba za ta iya auna su da kanta ba, tunda ita ma ba ta gan su ba. Sai ta ce a koma a sake shari'a a gaban wani alƙali. Ka biya kuɗin zaman farko, ka biya na ɗaukaka ƙara, ga na uku na jiranka. Shaidunka sun tsufa, wani ya ƙaura, wani ya rasu. Abokin shari'arka kuma ya riga ya ji duk tambayoyinka, ya san inda ya yi tuntuɓe a karon farko. Kuma sabon alƙalin na iya sake gaskata shi.

In ka faɗi, a ƙasashe irin su Ingila kai za ka ɗauki yawancin kuɗin lauyan ɗaya ɓangaren. Shigar da ɗaukaka ƙara kuma ba ya dakatar da zartar da hukunci da kansa, sai an nema daban an ba ka. Lokaci ma gajere ne: kwana 21 a Ingila, inda sai ka samu izini ta hanyar nuna cewa ƙarar na da damar nasara ta haƙiƙa, kwana 30 a yawancin shari'o'in kotunan tarayyar Amurka, wata uku a Najeriya idan hukuncin ƙarshe ne na babbar kotu, kwana 14 idan na tsakiyar shari'a ne. Idan kuma kotu biyu a jere suka yarda a kan abin da ya faru, ta uku ba ta cika sake buɗe maganar ba sai da dalili na musamman.

Shi ya sa aikin na zaman farko ne. Rasit, saƙon waya, takardar banki, hoton da ke ɗauke da kwanan wata, duk abin da aka samar a lokacin da abin ya faru, kafin kowa ya san za a je kotu, a tabbatar an miƙa shi an kuma karɓe shi, don abin da bai shiga kundi ba kotun sama ba ta san da shi ba. Idan shaida ya faɗi abin da ka san ba haka ba ne, ka sanar da lauyanka nan take ya titsiye shi a kai, ya miƙa masa takardar, a rubuta amsarsa. Idan tafinta ya karkatar da magana, a yi ƙorafi a lokacin a sa a rubuta. Bayan hukunci kuma, kafin a biya ko sisi na ɗaukaka ƙara, a sa lauyan ya ɗauko kundin ya nuna da yatsa shafin da ke ƙaryata abin da alƙali ya yanke. In ya buɗe ya nuna, akwai abin tafiya da shi. In amsarsa ita ce "ai kowa ya ga mutumin ƙarya yake yi," to alƙalan da za ka je gabansu ba sa cikin waɗanda suka gani.